Fitilar kwanan daji: Yawan haske ko riƙon amana?

Mu mutanen ƙasar nan muna ganin babu abin da wani zai koya mana game da fitila. Yawan ɗauke wutar lantarki ya mayar da kowane magidanci masani: akwai tocila a ƙarƙashin matashin kai, akwai fitilar caji a kan tebur, ga kuma wayar hannu da ake haskawa a nemi takalmi. Sai dai fitilar gida daban take da fitilar daji. A gida idan fitila ta mutu, iyakar abin mutum ya yi tsaki, ya laluba bango har ya kai gadonsa. A daji babu bangon da za a laluba, ƙasar da ake takawa kuma akwai masu yawo a kanta da dare waɗanda ba sa sallama.

Aikina shi ne koyar da ilimin halittu da muhalli a jami'a, kuma akwai ɓangaren wannan darasi da ba ya koyuwa a cikin aji. Kimanin shekara 15 ke nan ina fita da ɗalibai nazarin gani da ido, mu kafa tanti mu kwana uku, wani lokaci mako guda. Mun kwana a gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, mun kwana a bakin dausayin Dagona na Jihar Yobe inda tsuntsaye daga Turai ke zuwa cin hunturu, mun kuma hau tsaunukan Gashaka-Gumti a Jihar Taraba. Kafin kowace tafiya nakan ba ɗalibai jerin kayan da za su tanada: bargo, gidan sauro, takalmi mai rufe ƙafa, gorar ruwa da fitila. A cikin jerin nan babu abin da suke rainawa kamar fitila, babu kuma abin da ya fi ba mu wahala idan mun isa kamar ita. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na fahimta, domin ɗalibai da 'yan sikawut da masunta da manoman fadama da duk wanda sana'a ko sha'awa ke kwanar da shi a waje.

Bari in fara da dalilin da ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi. Mutum a sansani ba ya zama wuri ɗaya bayan faɗuwar rana. Zai zaga bayan tanti, zai je ɗibar ruwa, zai ƙaro itace a wuta, kuma duk waɗannan 'yan takun ƙafa goma ko ashirin ne a cikin ciyawa. A daidai wannan lokaci ne kububuwa ke fitowa farauta. Ƙaramar macijiya ce da da wuya ta wuce santimita 60, launinta launin ƙasa da busasshen ganye, amma dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da ta bakin rauni. Kasa kuwa ba ta gudu idan ta ji motsi, lafewa take yi a kan hanya ta dogara da cewa ba za a gan ta ba, shi ya sa ake taka ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum da aka keɓe domin saran maciji, saboda yawan masu buƙata. Mafi yawan saran a ƙafa ne, wato wurin da mutum ya taka bai duba ba. Idan aka haɗa da kunamar da ke kwana cikin takalmi, da igiyar tanti da ke harɗe ƙafa, da ramin da ciyawa ta rufe, za a ga cewa fitila a daji sahun akwatin magani take, har ma ta riga shi aiki.

Mu da muka haura arba'in mun ga zamunan fitila da dama. Mun ga aci-balbal a teburin mai shayi, mun yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, muna goge gilashinta da toka muna datse lagwani. Mun riƙe tocilar ƙarfe mai manyan batura uku, wadda haskenta ke komawa ja kafin a kai ƙarshen unguwa, a cire baturan a shanya a rana ana fatan su farfaɗo. Abin da ya sauya komai shi ne ƙwan LED. Masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su ne suka samar da LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samun farin haske, kuma a kan haka aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014. Tsohon ƙwai mai zaren ƙarfe yana ɓarnatar da mafi yawan wutarsa ne a zafi, LED kuwa da wuta kaɗan yake ba da haske mai yawa, kuma ba ya ƙonewa don an yar da tocila. Saboda haka ban ga sauran hujjar kai fitilar kananzir sansani ba. Yadin tanti na zamani dangin leda ne, wuta na taɓa shi yake narkewa, kuma duk abin da ke ci da harshen wuta a rufaffen wuri yana iya tara irin iskar nan marar wari marar launi da muke jin ta hallaka iyalai a gidajen da aka kwana da janareta a ciki.

To amma sauƙin da LED ya kawo ya zo da nasa ciwon, wato ƙaryar lambobi. Ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa shi ne lumen. Kyandir guda yana ba da lumen 12 ko 13. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kimanin 800. Ƙwan fitilar gaban mota irin na da yana tsakanin 1,000 da 1,500. Duk da haka, mai karatu zai shiga kasuwa ya tarar da tocilar da ba ta fi tsawon tafin hannu ba, an rubuta a kwalinta lumen 50,000 ko 100,000, an zana hoton haske yana ratsa tsauni.

Lissafin da zai tona wannan ba shi da wuya. Yawancin tocilolin caji suna aiki da batirin litiyam da ake kira 18650, sunan da ya samo daga girmansa: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Mafi kyawun irinsa yana ɗaukar kimanin mAh 3,500, wato wutar da za ta iya ba da wat 12 da ɗoriya na tsawon awa guda, ko wat 1 na tsawon awa 12. Tocila mai kyau kuma tana samar da kimanin lumen 100 daga kowane wat guda. Ke nan batiri ɗaya zai riƙe lumen 100 na kusan awa 12, ya riƙe lumen 300 na awa 4, ya riƙe lumen 1,000 na awa ɗaya da 'yan mintuna. Lumen 100,000 kuwa sai an ba shi wat 1,000, irin wutar da dutsen guga ke ci, kuma da a ce batirin zai iya, da ko minti guda ba zai cika ba ya ƙare. Duk kwalin da ya yi wannan alkawari ya riga ya gaya maka irin amanar wanda ya buga shi.

Wata shekara a Yankari wani ɗalibina ya zo da irin wannan tocila, baƙa mai nauyi, yana juya kanta haske na tsukewa yana buɗewa. Ya ce da ni, "Malam, ai wannan ta fi fitilar mota, mai kanti ya ce tana kwana uku ba caji." Daren farko ya haska kowace bishiya da ke kewaye da sansani, abokansa na layi suna karɓa. Dare na biyu, kafin ƙarfe tara, hasken ya koma dishi-dishi kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da muka buɗe batirin, an rubuta mAh 9,900 a jikinsa, adadin da babu batiri mai wannan girma da ke ɗauka, kuma a hannu ba shi da nauyin kirki. Batirin 18650 na gaskiya yana da nauyin giram 45 zuwa 50. Sauran kwanakin, yaron nan a bayan wata ɗaliba yake tafiya, wadda ta zo da ƙaramar fitilar goshi mai batura uku ƙanana, ba ta taɓa kunna ta a kan cikakken ƙarfinta ba, kuma da sauran wutarta ta koma gida.

Kamfanonin da ke mutunta kansu suna bin wata ƙa'idar gwaji da aka fitar a Amurka a 2009, ana kiranta FL1, kuma sukan buga alamarta a kwali. Ko ita sai an san yadda ake karanta ta. Idan an ce fitila tana awa 10, ana nufin lokacin da za ta ɗauka kafin haskenta ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara, saboda haka awannin ƙarshe ba su kai na farko haske ba. Idan an ce tana kai mita 200, ana nufin a can ƙarshen hasken bai fi na farin wata ba, wanda zai nuna maka akwai abu amma ba zai gaya maka ko mene ne ba. Ni nakan raba nisan da aka rubuta biyu, in ɗauki rabin a matsayin abin da zan amfana da shi. Dalili kuwa shi ne haske yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a kan abu yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Daga nan sai tambayar da ɗalibai suka fi yi mini: lumen nawa ya isa? Amsata takan ba su mamaki. A cikin tanti, domin neman kaya ko rubutu, lumen 5 zuwa 20 sun wadatar. Domin girki da zirga-zirga a sansani, 50 zuwa 100. Domin tafiya a kan hanyar daji inda ake son ganin inda za a taka, 150 zuwa 300. Abin da ya haura haka na ɗan lokaci ne, idan an ji motsi a nesa ko ana neman wanda ya ɓace. Fitilar da ke da matakai uku na gaskiya, ƙarami da matsakaici da babba, ta fi wadda ke da babba kawai ko da ya ninka nata sau biyar. Hasali ma matakin da na fi dubawa kafin in saya shi ne ƙaramin, domin shi ne zai yi mini aikin dare bakwai.

Wani dattijo cikin ma'aikatan gandun daji, wanda ya yi mana jagora a Gashaka, ya taɓa kallon ɗalibaina sun kunna fitilu goma sha a lokaci guda, ya ce da ni, "Malam, yaranka sun kawo rana daji. Ka ce su rage, in suna son su ga hanya." Na ce, "Baba, ai tsoro ne." Ya ce, "To ai mai wannan haske shi ne makaho, iyakar ganinsa inda fitilarsa ta tsaya." Abin da dattijon nan ya sani daga tafiya, mu muna koyar da shi a aji. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma haske mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya isa ya rushe wannan sabo. Wanda ke tafiya da haske mai kashe ido yana ganin da'irar da ke gabansa fes, amma duk abin da ke wajenta ya zame masa baƙi ƙirin. Wanda ke tafiya da matsakaicin haske yana ganin gabansa, yana kuma ganin inuwar bishiyoyi da bakin hanya. Shi ya sa fitilun goshi masu kyau suke da ɗan jan ƙwai, domin jan haske ba ya rushe sabon ido da duhu kamar fari. Amfaninsa a cikin tanti ne da wurin duba taswira ko kallon taurari. Ba a tafiya da shi cikin ciyawa, domin a ƙarƙashin jan haske maciji da busasshen reshe launinsu ɗaya.

Launin farin hasken ma abin dubawa ne. Yawancin fitilu masu araha farinsu ya karkata zuwa shuɗi, domin irinsa ya fi ɗaukar ido a kanti. A hunturu, lokacin da ƙura ta cika iska, irin wannan haske dawo maka yake yi a ido kamar an rataya farin ƙyalle a gabanka. Farin da ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga ido, ya fi fito da launin ƙasa da na ganye yadda suke, kuma ƙwari ba su cika yi masa rubdugu kamar mai shuɗin ba. A Dagona na ga yadda fitila ɗaya da aka rataya a ƙofar tanti ta tara ƙwari, ƙwari suka tara kwaɗi, wanda ya san daji kuwa ya san mai bin kwaɗo. Tun daga nan dokarmu ita ce a rataya babbar fitila a kan sanda taku goma daga inda ake kwana da inda ake cin abinci.

Fitila ɗaya ba ta yin kowane aiki, kuma a nawa ganin kowane mutum yana buƙatar biyu, kowace ƙungiya kuma ta ƙara da ta uku. Ta farko ita ce fitilar goshi, wadda maharbanmu suka daɗe da sanin darajarta. Tana barin hannu biyu su yi aiki, kuma duk inda ka juya kai can haske ke bi. Idan kuɗin mutum na abu ɗaya ne, ita zai saya. Ta biyu ƙaramar tocilar hannu ce mai tsukakken haske da ke kai nesa, wadda kuma za ta zama madadin ta farko idan ta lalace. Tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: hasken da ke fitowa daga goshi, kusa da ido, yana ɓoye inuwa, sai ƙasa ta zama kamar shimfiɗaɗɗiya, amma tocilar da aka riƙe a daidai ƙugu tana fito da inuwar kowane dutse da rami. Ta uku ita ce fitilar ratayewa mai baza haske ko'ina, ta wurin girki da zaman tattauna abin da aka gani da rana. Idan babu ita, a cika farar jarka da ruwa a ɗaura mata fitilar goshi tana kallon ciki, za ta haska wurin zama da haske mai laushi. Akwai kuma 'yar fitilar nan mai shunayyar haske da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita. Kunama tana ƙyalli da launin kore-kore a ƙarƙashin irin wannan haske, don haka zagaye ɗaya da ita kafin a shimfiɗa tabarma yana kawar da shakka.

Wayar hannu ba ta cikin wannan lissafi. Haskenta bazuwa yake yi, ba ya kai nesa, tana cinye hannu guda, kuma cajin da take ƙonawa shi ne wanda za a nema idan ana son kiran mota cikin dare. Wanda ya mayar da wayarsa fitila yana iya wayar gari babu fitilar babu wayar.

Batiri shi ne ran fitila, kuma a nan ne amana take. Fitilar da batirinta ke manne a ciki, ba a iya cirewa, tana da kyau a gari inda ake samun wuta ko da sau ɗaya a rana. A daji idan ta mutu sai ta zama kaya. Na fi son wadda ake buɗewa a sauya batiri, ko 18650 da aka saya daga inda aka yarda da shi, ko ƙananan baturan rediyo da na rimot waɗanda ake samu a kowane teburin ƙauye. A cikin waɗannan ma akwai bambanci: masu rubutun alkalin sun fi na gama-gari daɗewa nesa ba kusa ba, musamman a fitila mai jan wuta. Ba a haɗa sabo da tsoho, ba a kuma barin su cikin fitila idan an dawo gida, domin suna zubar da ruwan da ke cinye ƙarfen ciki. Shi kuma litiyam ba ya son zafi. Barin sa a gaban gilashin mota cikin ranar bazara yana rage masa kwana, yana ma iya sa shi kumbura, kuma sanya shi tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi yana iya tayar da wuta. Sanyi ma yana rage ƙarfin batiri. A kan hanyar Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, mukan kwana da baturanmu a aljihun riga domin ɗumin jiki. Sannan kafin a jefa tocila cikin jaka a ɗan sassauta murfin gindinta, domin sau da yawa kaya ne ke danne makunni, ta yi ta ci tun daga tasha, a iso sansani a tarar ta ƙare.

Masu dogaro da sola su yi hattara da ɗan farantin da ake liƙawa a saman fitila, wanda bai fi kwalin ashana biyu ba. Irinsa yana iya kwashe kwanaki a rana kafin ya cika batiri, kuma hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kansa suna ƙara rage masa ƙarfi. Farantin da ake naɗewa mai wat 10 ko 20, tare da ma'ajin caji da matasa ke kira fawa bank, shi ne zai iya riƙe fitilun ƙungiya. A shimfiɗa farantin a rana, a ajiye ma'ajin a inuwa, a riƙa goge ƙura.

Sai batun ruwa da ƙura. A jikin fitila mai kyau za a ga haruffan IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 4 na nufin tana jure yayyafi da fantsama, 7 na nufin za ta iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30 ta fito da ranta. Idan an sa X a gurbin lamba, ba a gwada wannan ɓangaren ba ke nan. Mu da ke fama da ƙurar hunturu wata uku da ruwan damina wata huɗu ko fiye, duka lambobin sun shafe mu. Tocilar da ake jan kanta gaba da baya domin tsuke haske, duk da farin jininta, kowane ja yana zuƙo iska da ƙura da danshi ciki. A duba ko akwai zoben roba a inda ake murɗe murfi. A danna makunni sau ashirin a kanti, a girgiza fitilar tana kunne, idan ta ƙifta ko sau ɗaya a mayar wa mai kanti kayarsa. A kuma guji wadda sai ta bi da kai ta cikin haske mai walƙiya kafin ta mutu, domin wannan ba ƙaramin takaici ba ne ga masu barci da ƙarfe uku na dare.

Gwajin da ya fi duk abin da aka rubuta a kwali shi ne na gida. Mako guda kafin tafiya a cika fitilar da caji, a kunna ta a matsakaicin mataki da magariba, a riƙa duba ta kowace awa har ta mutu. Abin da agogo ya nuna shi ne gaskiyarta. A ninka awannin da ake buƙata kowane dare da yawan kwanakin tafiya, a ƙara rabin adadin saboda abin da ba a zata ba, sai a san batura nawa za a ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma ladabin fitila, wanda ba a sayarwa a kasuwa. Ba a haska mutum a fuska, kuma mai fitilar goshi shi ya fi mantuwa da wannan, domin duk wanda ya juya ya yi wa magana sai ya kashe masa ido. Idan hanya ta bi ta kusa da ruga ko ƙauye, a sunkuyar da haske ƙasa, a ɗaga murya da sallama tun daga nesa. Ba a dallare dabba da haske don nishaɗi: tsuntsun da aka tayar daga sheƙarsa da dare yana iya barin ƙwansa, giwar da aka firgita kuma ba ta tsayawa jin bayani. Halin tsaron da muke ciki ya ƙara wa wannan magana nauyi. Dazuzzuka da dama da malamanmu suka kai mu muna ɗalibai yanzu ba sa shiguwa, inda ake iya zuwa ma sai da izini da rakiyar ma'aikatan wurin. Haske mai ƙarfi da ake wulwulawa sama ana hango shi daga nisan kilomitoci, yana sanar da wanda ba a gayyata ba cewa ga baƙi sun sauka. Fitilar da ke iya yin ƙasa-ƙasa da haskenta tana rufa wa mai ita asiri.

Na san aljihun ɗalibi, na san kuma fitila mai inganci ta fi ta bakin titi tsada. Sai dai wanda ya sayi mai araha sau huɗu ya biya kuɗin mai kyau, bai kuma taɓa mallakar ta ba. Ɗalibai biyar da za su kwana a tanti ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi ta ratayewa guda, kowa ya nemi ta goshi daidai ƙarfinsa. Sassan jami'o'in da ke fita da ɗalibai su ma ya kamata su ajiye fitilu da batura a ɗakin kayan aiki kamar yadda suke ajiye madubin hangen nesa da ma'aunai, a ba da aro a karɓa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, tana da rawar takawa wajen lambobin da ake bugawa a kwalaye, domin wanda ƙaryar ta fi cuta shi ne makiyayi da mai gadi da manomin da ke ban ruwa da dare, waɗanda ba su da hanyar yin lissafin da na kawo a sama. Kafin a kai ga haka, mai saye ya riƙa yi wa mai kanti tambayoyi uku: awa nawa take yi a matsakaicin haske, ana iya sauya batirinta, kuma za ka karɓe ta idan na gwada a gida ta gaza? Wanda ya amsa ukun ba tare da kame-kame ba, a wurinsa ya kamata a saya.